Daga Kura zuwa Bunkure: Inda kuɗin fetur ya zama kuɗin ruwa

Wanda ya baro Na'ibawa da sassafe ya ɗauki hanyar Zariya a wannan lokaci na hunturu, zai yi ta kallon ƙasa fara ƙal, karan dawa a tsaye sun bushe, ƙura ta rufe bakin itatuwa, har sai ya haye gadar Tamburawa. Daga nan idonsa zai soma hutawa. Kafin ya isa Kura, tafiyar da ba ta wuce kilomita 30 da 'yan kai ba, zai ga gonaki sun yi kore shar kamar ana tsakiyar Agusta: alkama a nan, albasa a can, ga tumatir da tattasai, ga masu gashin ɗanyar masara a Karfi suna fifita wuta a lokacin da ko ɗigon ruwa bai sauko daga sama ba. A makon jiya na bi wannan hanya, kuma abin da ya kai ni shi ne in ga yadda tsadar man fetur ta samu mutanen da suke ciyar da mu da rani.

Sirrin wannan kore ba ɓoyayye ba ne. A zamanin Gwamna Audu Bako aka gina madatsar ruwa ta Tiga, tsakanin 1971 da 1974, aka haƙa babbar magudana da ta ɗauko ruwan ta bi ta Ruwan Kanya ta gangaro da shi cikin ƙasar Bunkure da Garun Malam da Kura. An tsara kashin farko na aikin ya shayar da kusan hekta 22,000, ko da yake ba a kai ga kammala shi duka ba, daga baya kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ta karɓi kula da shi. Abin da ya fi burge ni da aikin shi ne, a galibinsa ruwan da kansa yake tafiya. Daga tudu yake gangarowa, daga babban kanal zuwa ƙarami, daga ƙarami zuwa fangalin manomi, babu inji, babu hayaƙi. Manomi ya buɗe ƙofa da fartanya, ruwa ya shiga, ya toshe. Mai karatu ya tuna cewa shekarun da aka yi wannan aiki su ne shekarun da kuɗin mai ya fara kwarara cikin baitulmalin Nijeriya. Ke nan in ana neman wurin da arzikin mai ya zauna a ƙasar Kano bai ƙafe ba, to ga shi nan yana gudana a cikin kankare, shekara hamsin ke nan.

Sai dai kanal bai kai ko'ina ba. Da muka bar babban titi muka nufi Bunkure, sai na soma jin wani sauti da ban ji a gefen Kadawa ba: tatata na ƙananan injunan ban-ruwa, kowane da tiyonsa a miƙe cikin rafi, ko kududdufi, ko 'yar rijiyar burtsatse. Waɗannan su ne gonakin da suke wajen shata, ko suke kan tudun da ruwa ba ya hawa, ko suke can wutsiyar magudana inda ruwa yake isowa a gajiye bayan na gaba sun sha sun ƙoshi. Masu su da fetur suke sayen ruwa. Gona biyu za ka gani, hanyar ƙafa ce kawai tsakaninsu, ƙasarsu ɗaya, irinsu ɗaya, amma ɗaya kuɗin ruwan hukuma yake biya na kakar noma, ɗaya kuwa duk ranar ban-ruwa sai ya ɗaura jarka a bayan babur ya nufi gidan mai ko wajen 'yan bumburutu.

A ɗaya daga irin waɗannan gonaki na tarar da wani dattijo a tsugune yana goge fulogin injinsa. Na yi sallama, muka gaisa, na ce, "Baba, yaya ake fama da mai?" Bai ɗago kai ba ya ce, "Ɗana, ai ka ga inda na tsaya," ya nuna mini da baki. Rabin gonar tumatir ne ya yi kyau har ya fara nuna, ɗaya rabin kuwa fako ne, ko huɗa bai yi ba. Ya ce ba ƙarfi ya rasa ba, ba iri ya rasa ba. Ya auna abin da aljihunsa zai iya shayarwa ne ya shuka daidai shi, domin gara ya bar ƙasa ta huta da ya shuka ya zuba ido amfani ya ƙone a gabansa. Lissafin ba ya buƙatar ɗan boko. Kafin 29 ga Mayu, 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin mai a jawabinsa na kama mulki, farashin hukuma bai kai Naira 200 a lita ba. Cikin kwanaki ya haura 500, a Yulin shekarar ya wuce 600, a Satumbar 2024 ya doshi 900, a Oktoba kuma ya ƙetare dubu. A ce injin yana shan lita biyar a yini: abin da Naira dubu ɗaya take yi da, a Oktoban 2024 sai da dubu biyar. Tumatir kuwa ba ya jiran ka samu kuɗi kafin ya ji ƙishi.

Kuma ban-ruwa ƙofa ɗaya ce kawai daga ƙofofin da mai yake shigowa ta cikinsu. Injin huɗa mai yake sha, injin sussuka mai, injunan casar shinkafa da suka sa sunan Kura ya kai har kudu, in babu lantarki, dizal suke ci. Motar da take kawo taki ta ƙara kuɗi, babur ɗin da yake fitar da kwando daga gona zuwa bakin titi ya ƙara, babbar motar da za ta kwashi kayan daga Kwanar Gafan zuwa Legas ita ma ta ƙara, kuma duk wanda ya ƙara, a jikin farashin da dillali zai yi wa manomi ake zabgewa.

A nan ne nake ganin muhawarar da ake tafkawa a Abuja da Legas ta kauce wa mutanen nan. Mun sha labarin taƙaddamar 2024: matatar Dangote da ke Lekki, mai ƙarfin tace ganga 650,000 a rana, tana kukan ba a ba ta isasshen ɗanyen mai daga cikin gida, hukumar da ke sa ido kan harkar tana cewa ba za a bar kasuwa a hannun mutum ɗaya ba, masu shigo da mai suna kare lasisinsu, daga bisani aka ɓullo da tsarin sayar wa matatar ɗanyen mai da Naira. A cikin wannan hali kamfanin NNPC ya bayyana ribar kusan Naira tiriliyan 3.3 ta shekarar 2023, ba a jima ba kuma ya amsa cewa bashin masu kawo masa mai ya yi masa katutu. Kowane ɓangare yana da hujjarsa, wasu hujjojin ma masu ƙarfi ne. Ni kaina ba na cikin masu cewa a maido da tsohon tallafi yadda yake, domin kuɗin da hukumomi suka ce ya haura Naira biliyan 400 a wata, wani kaso nasa ta iyakokinmu yake tsiyayewa, kuma mai motoci biyar ya fi mai injin ban-ruwa ɗaya cin moriyarsa. Amma dubi bambancin da ke tsakanin masu wannan rigima da dattijon Bunkure. Mai matata yana da tankuna. In farashi bai yi masa ba, ya riƙe kayansa. Mai gidan mai in kuɗin dako ya tashi da safe, kafin azahar ya sauya lambar da ke jikin famfo. Mai tumatir in ya tsinka yau, jibi ya fara ruwa. Shi kaɗai ne a cikin jerin yake saye a farashin da wani ya yanka, ya kuma sayar a farashin da wani ya yanka.

Akwai kuma harajin nisa, wanda ba a cika faɗa ba. Matatar Kaduna da aka buɗe a 1980 ita ce take turo mai ta bututu zuwa daffon Hotoro a Kano. Shekaru ke nan ba ta aiki, saboda haka kowace litar da ta shiga injin nan na Bunkure sai da tanka ta ɗauko ta daga bakin teku, tafiyar kilomita dubu ko fiye. A da akwai asusun daidaita farashi da ke biyan kuɗin dakon, don mutumin Kano ya sayi mai kusa da yadda na Legas yake saye. Tsarin kasuwa ya share wannan. Yanzu nisan a aljihun ɗan Arewa yake, ya biya shi sau ɗaya a man da ya hauro, ya sake biya a tumatirin da ya gangara.

Wani abin dubawa, ɗan kasuwar da ya gina waccan matata Bakano ne, kuma yana da masana'antar sarrafa tumatir a nan Kadawa, wadda aka buɗe a 2016, shekarar da tsutsar nan da manoma suka yi wa laƙabi da Ebolar tumatir ta cinye gonaki. Tun daga lokacin aikinta buɗe-rufe ne. Da masana'antu irin wannan suna aiki ba yankewa, da manomi ya samu inda zai kai kayansa a ranar da kasuwa ta cika ta batse, wato da shi ma ya samu nasa tankin.

Mutanen ba su naɗe hannu ba, dole a faɗa. Na ga injuna da dama an sauya musu kai an jona su da tukunyar gas ɗin girki, dabarar da ta bazu tun bayan janye tallafi, ko da yake shi ma gas ɗin bai tsaya inda yake ba. Na ga farantan sola a jingine a wasu gonaki suna juya famfo shiru kamar ba aiki suke ba. Wannan ita ce mafita ta haƙiƙa ga wanda kanal bai kai gare shi ba, amma kuɗinta a dunƙule ake biya, wanda kuwa yake sayen mai lita biyu-biyu ba shi da dunƙule. Tunda gwamnoni sun shaida cewa kason da suke karɓa daga Abuja ya ƙaru bayan janye tallafin, ban ga abin da zai hana a ɗebi wani abu daga ciki a ba manoma famfon sola bashi su biya da kaka ba, a kuma ci gaba da yashe magudanu da faɗaɗa su daga inda gyaran da aka yi da rancen Bankin Duniya ya tsaya. Kowace hekta da kanal ya kai gare ta, ta fita ke nan daga hannun farashin mai.

Da la'asar ta yi sanyi na koma ta wajen dattijon don mu yi sallama. Fulogin ya kama, injin yana ta tatata, ruwa yana bin fangalai ɗaya bayan ɗaya, jikansa yana gaba da fartanya yana buɗewa yana toshewa. Ya ɗaga jarkar ya girgiza ta kusa da kunnensa, ya dubi fangalan da suka rage, sannan ya ce da yaron ya tsallake layuka biyun ƙarshe, a fara kai wa masu fure.