Direban Azare Da Ranar Ƙarshe Ta Tseren Argungu

Masu tseren motoci kashi biyu ne. Akwai direbobin kamfanoni, waɗanda ke tuƙa motar da ba da kuɗinsu aka saya ba, in ta lalace a kawo musu wata. Akwai kuma masu sha'awa, watau mutanen da ke shiga da motarsu ta kansu, su sayi fetur da taya daga aljihunsu, in sun yi nasara a ba su kofi, in kuwa abin ya ƙi su kwashi tarkacensu su koma gida. Wannan labari na wani ne daga kashi na biyu, direba mutumin Azare, wanda ya shiga tseren motoci na Argungu a ƙarshen shekarun 1970, da motar da yake ciyar da iyalinsa da ita.

A ƙasar Katagum ya koyi tuƙi. Tun da aka mayar da fadar Sarkin Katagum zuwa Azare a 1916, tsohon garin ya zauna can arewa a bakin kogi, kimanin kilomita 70, kuma a lokacin ƙuruciyarsa hanyoyin ƙauyukan yankin yawancinsu rairayi ne da rani, taɓo da damina. A nan ya yi shekaru yana yaron mota, suna bin kasuwanni. Maigidansa ya koya masa ya rage wa taya iska kafin ya shiga yashi, kada ya taka birki a tsakiyar rairayi, kuma ya riƙa sauraren inji kamar yadda uwa ke sauraren numfashin jaririnta.

Sha'awar tsere kuwa a Kano ta kama shi, cikin watan Mayu na 1974, sa'ad da wani babban tsere da ya taso daga Landan za shi Munich ta ƙasar Jamus ya ratso Sahara ya iso birnin. Hamada ta cinye mafi yawan motocin. Guda 19 kaɗai suka kai Munich, biyar daga cikinsu ne suka bi hanyar gaba ɗaya har da zangon Kano. Waɗanda suka ci tseren mutanen Ostareliya ne su uku a cikin mota ƙirar Citroën, kuma ɗayansu, Ken Tubman, mai kantin magani ne a garinsu. Da direban nan ya ji haka sai ya ce a ransa, ashe ba sai ɗan kamfani ba.

A 1975 aka fara haɗa Peugeot 504 a Kaduna, motar da direbobi ke kira Fijo, kuma a shekarar ce irinta ta ci tseren Safari na ƙasar Kenya. Bayan 'yan shekaru shi ma ya mallaki tasa, rabin kuɗin nasa, rabi na wani attajiri wanda yake biya duk mako daga abin da ya samu a lodin Azare zuwa Kano. Da ya ƙudura shiga tseren Argungu, wanda ake yi tare da bikin kamun kifin nan da ya samo asali tun 1934, sai ya kwana uku a gareji. Aka sa wa motar sababbin shokazoba, aka liƙa faranti na ƙarfe a ƙarƙashin inji saboda duwatsu, aka ɗaure safaya biyu da jarkar ruwa a but. Ƙanensa, malamin firamare, shi ya ɗauka ya zauna a gefensa.

Ya kamata mai karatu ya san cewa irin wannan tsere ba kamar sukuwar dawaki ba ne, inda ake sakin kowa lokaci guda. Ɗaya bayan ɗaya ake sallamar motoci, da tazara a tsakaninsu. Kowace mota tana da kati, kowane zango kuma da lokacin da aka yanka masa, a ƙarshensa akwai alƙalai da agogo. Wanda ya makara sai a rubuta masa mintocin da ya ɓata, ranar ƙarshe a tara, mai mafi ƙarancin bashi shi ya ci. Na gefen direba shi ke riƙe da littafin hanya, yana faɗin kwana da rami da mararraba kafin a iso su. Saboda haka kana iya tsere da mutum kwana da kwanaki ba ka ga komai nasa ba sai ƙura.

Ranar ƙarshe ta same su a matsayin da ba su taɓa tsammani ba. Motoci da dama sun riga sun fita, wasu inji ya buga, wasu sun kife, su kuwa 'yan mintoci ne tsakaninsu da samun shiga jerin masu karɓar kyauta. Wanda ke gabansu motarsa ta fi tasu ƙarfi, amma a yashi tsoro yake ji, zangon da ya rage kuwa burji ne da rairayi har bakin Argungu. Daren nan direban bai runtsa ba. Ya riga ya ga kansa yana shiga tashar Azare da kofi a kan bonet.

Da hantsi suka soma hango ƙurar abokin takararsu, alamar tazarar tana raguwa. Ya ƙara wuta. Gargada tana girgiza motar har haƙora na haɗuwa, ƙura ta cika musu baki, ƙanen yana ta karanta hanya da ƙarfi. Can sai ya yi shiru, sa'an nan ya nuna allurar zafin inji, wadda ta bar tsakiya ta doshi ja.

"Yaya, ta fa ɗauki zafi."

"Na gani. Saura nawa?"

"Da sauran tafiya, Yaya."

Lissafin a fili yake. In ya ci gaba da wannan gudu, mai yiwuwa ne injin ya jure, su wuce mutumin, su shiga Argungu ana yi musu tafi. Mai yiwuwa ne kuma gasket ya ƙone, ko injin ya kame ɗungurungum, a bar su a daji da ƙarfe, ga bashin attajiri, ga gidan da ke jiran cefane. Direban kamfani da ya tsinci kansa a wannan hali takawa zai yi, don abin da aka ɗauke shi ya yi ke nan. Shi kuwa duk abin da ya mallaka yana ƙarƙashin bonet ɗin nan. Ya daɗe ƙafarsa na kan totur, zuciya tana ce masa saura kaɗan. Daga bisani ya ɗaga, ya gangara gindin wata tsamiya ya tsaya.

Ciyawa da ƙaiƙayi ne suka toshe gaban lagireto, fambel kuma ya saki. Suka share, suka ɗaure, suka jira ta huce kafin su zuba ruwa, domin ruwan sanyi a kan inji mai zafi tsaga shi yake yi. Suna nan tsaye motoci biyu suka wuce su. Ya ce duk wahalar tseren ba ta kai ta waɗannan mintoci ba, mutum yana riƙe da jarka yana kallon rabonsa na wucewa. Suka shiga Argungu da la'asar, aka buga musu hatimin zangon ƙarshe, ba kofi, ba hoto a jarida.

Da suka koma gida mutanen tasha suka rabu biyu. Wasu suka ce ya yi sake, irin wannan dama sau ɗaya take zuwa. Tsofaffin direbobi kuwa suka ce ai wanda ya dawo da motarsa da ƙafarta shi ya san tuƙi. Shi kansa bai taɓa yanke hukunci ba. Har ya tsufa, in an tayar da zancen, yakan ce watakila da ta jure, sa'an nan ya yi shiru. Bai sake shiga tsere ba. Abin da ba a yi gardama a kansa ba shi ne, mako na zagayowa motar ta yi lodin Kano da asuba, attajiri ya karɓi kuɗinsa ranar da aka saba, kuma da ita aka yi ta biyan kuɗin makarantar yara har ta tsufa.