Burushin Aski Daga Duwatsun Saksoni

A gabashin Jamus, inda jihar Saksoni ta jingina da iyakar Jamhuriyar Cek, akwai jerin duwatsu da mutanen wurin ke kira Erzgebirge, wato Duwatsun Ma'adinai. Sunan ya samo asali ne daga azurfar da aka gano a wajen garin Freiberg a shekarar 1168. Labarinta ya jawo mahaƙa daga nesa da kusa, suka share ƙarnuka suna tonon azurfa da kuza da sauran albarkatun ƙasa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu Tarayyar Sobiyet ta zo neman yuraniyom, aka yi ta haƙa a Aue da Schlema har zuwa 1990. A 2019 hukumar UNESCO ta sanya yankin cikin wuraren tarihi na duniya. Har gobe idan mutum biyu suka haɗu a hanya, gaisuwarsu ita ce "Glück auf", tsohuwar addu'ar mahaƙa ta a dace da ma'adini a kuma fito daga rami lafiya.

Sai dai rami ba ya ciyar da gari har abada. Duk lokacin da ma'adini ya ƙare a wani kwari, mutanensa sukan koma ga hannuwansu. Mutanen Seiffen suka rungumi sassaƙar kayan wasan yara. Matan Annaberg suka shahara da saƙar leshi tun ƙarni na 16. Su kuwa mutanen Schönheide da Stützengrün, a yammacin duwatsun, burushi suka kama, ya kuma bunƙasa a hannunsu cikin ƙarni na 19: na shara, na goge takalmi, na fenti, na taje kai, da wanda ya kai ni can, wato burushin da ake kaɗa kumfar sabulu da shi kafin a sa aska a fuska.

Wani aiki ne ya zaunar da ni a Laifzig na 'yan watanni, na ga bai kamata in koma gida ban taka waɗannan ƙauyuka ba, tunda gani ya kori ji. Na shiga jirgin ƙasa zuwa Zwickau, garin da ake ƙera motar Trabant a zamanin gurguzu, daga nan zuwa Aue, sannan na hau bas tare da wani ɗalibi ɗan ƙasarmu da ya yarda ya yi mini tafinta. Hanyar tana hawa tana lanƙwasa cikin dajin dogayen itatuwa masu duhun ganye. Gidajen an lulluɓe rufinsu da wasu bangwayensu da faffaɗan baƙin dutse saboda dusar ƙanƙara. Daga kan tudu ana hango tafkin madatsar Eibenstock, wanda birane da yawa na jihar ke shan ruwansa. Tsakanin Schönheide da Stützengrün akwai guntun tsohon layin dogo mai ƙunci, faɗinsa milimita 750, wanda masu sha'awa suka farfaɗo da shi suna tuƙa jirgin gawayi a ranakun hutu. Wurin shiru ne ƙwarai, kuma a kan titi tsofaffi sun fi yara yawa.

A Schönheide akwai gidan tarihi na burushi, inda baƙo zai ga kayan aikin da iyalai ke amfani da su a ɗakunansu kafin zuwan injina. A Hundshübel kuma, wani ɓangare na Stützengrün, kamfanin Mühle yake, wanda tarihinsa ya tattara abin da ya sami yankin baki ɗaya. Otto Johannes Müller ne ya kafa shi a 1945, shekarar da yaƙi ya ƙare. A 1972 gwamnatin Jamus ta Gabas ta ƙwace shi, kamar yadda ta ƙwace sauran ƙananan masana'antun da suka rage a hannun masu su. Bayan haɗewar Jamus a 1990 ɗansa Hans-Jürgen Müller ya karɓi abin gidansu ya sake tayar da shi, yau kuma jikokin mai kafawar ne ke riƙe da shi, suna sayar da kayansu a ƙasashe masu yawa. Mulki ya zo ya wuce, ilimin da ke cikin yatsun ma'aikata kuwa bai bi shi ba.

Amma ni ba kanti na je nema ba. Wani masassaƙi aka kwatanta mana a wani ƙauye da ke gaba, dattijo mai kimanin shekara saba'in, wanda ke yi wa mutum burushi daidai da buƙatarsa. Ɗakin aikinsa a bayan gidansa yake, yana ƙamshin itace da man gogewa. Tafintana ya koya mini in kira shi "Maista", laƙabin da suke ba wanda ya ƙware a sana'a har hukuma ta ba shi shaidar koyar da wasu. Kafin ya nuna mini komai sai da ya yi mini tambayoyi kamar likita. Gashin fuskata mai tauri ne ko mai laushi? Sabulun ƙulli nake amfani da shi ko na matsawa? A fuska nake kaɗa kumfa ko a cikin kwano? Daga nan ya ce in buɗe tafin hannuna, ya auna shi da ido, ya miƙo mini mariƙai uku marasa gashi in riƙe in ji wanda ya zauna.

A nan na fahimci cewa burushin aski kashi biyu ne, kuma kowanne sana'a ce mai zaman kanta. Akwai mariƙi, akwai tukkun gashi. Shi tukku, ana auna gashinsa a ma'auni, a taje shi, a cire gajeru da karyayyu, sannan a zuba shi da kai ƙasa cikin wani ɗan kofi mai zurfin ƙoƙo. Mai aiki ya yi ta bubbuga kofin a kan tebur har bakin kowane gashi ya sauka ya taɓa gindin, tukkun ya ɗauki siffar ƙubba. Sai a ɗaure da zare, a datse gindin, a zuba gam. Bakin gashin ba a taɓa sa masa almakashi, domin siririn ƙarshen nan da dabba ta zo da shi ne ke ba da laushi. Burushin da aka daidaita kansa da almakashi, in ji Maista, zai yi kyau a kanti ya kuma yi suka a fuska. Faɗin tukku yawanci tsakanin milimita 19 ne da 26, kuma gwargwadon zurfin da aka dasa shi cikin mariƙi, gwargwadon ƙarfinsa. In an nutsar da shi ya yi tauri ya ci sabulu, in an ɗaga shi ya yi laushi ya baje.

Daga nan muka shiga zancen da ya fi damuna, wato gashin wace dabba ce. Mafi tsada shi ne na baja, wata dabba 'yar uwar dage mai zama cikin rami, wadda gashinta ke riƙe ruwa da ɗumi fiye da saura. Alaƙarta da wannan sana'a ta kai ga Faransawa suna kiran dabbar da burushin da suna ɗaya, "blaireau", kamar yadda 'yan uwanmu na Nijar da suka yi karatun Faransanci za su shaida. Gashin nata daraja-daraja ne, mafi girma shi ne mai farin baki da ake samu a wuyanta. Sai dai Birtaniya ta kafa dokar kare wannan dabba tun 1992, kuma kusan duk gashin da ke kasuwa a yau daga ƙasar Sin yake fitowa. A 2018 ƙungiyar kare dabbobi ta PETA ta fitar da hotunan yadda ake tsare su cikin keji ana kashe su a wasu gonakin can, abin da ya sa kamfanin Procter & Gamble ya sanar da daina amfani da gashin. Akwai kuma gashin doki, wanda ake yanka daga geza da wutsiya ba tare da an kashe dabbar ba, kuma har yanzu ana yin irin wannan burushi a Sifen.

Na uku shi ne gashin alade, kuma shi ne ya cika burusan masu araha. A nan batun ya shafe mu kai tsaye, domin irin waɗannan kaya suna shigowa kasuwanninmu da shagunan askinmu, kuma ba kasafai mai saye ke tambaya ba. Malamai sun yi saɓani a kan hukuncinsa. Mazhabar Malikiyya ta ɗauki gashin da aka aske daga jikin dabba a matsayin mai tsarki ko da na alade ne, mazhabar Shafi'iyya kuwa ta ce najasa ne. Fatawa ta malamai ce, amma sanin abin da mutum ke shafawa a fuskarsa haƙƙinsa ne. Tarihi ma ya nuna cewa rashin sanin asalin gashi ya taɓa cin rayuka. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, lokacin da sojoji ke aske fuska domin takunkumin kare iskar guba ya zauna daidai, an katse hanyar gashin baja daga Rasha, aka maye gurbinsa da gashin dokin da ba a tsabtace ba. Fiye da mutum 200 a Birtaniya da Amurka suka kamu da cutar saifa ta wannan hanya.

Na zaɓi na huɗu, gashin roba da masana suka ƙera mai siririn baki irin na dabba. Yana bushewa da wuri, ba ya wari, ba kuma a zubar da jinin komai a kansa. Na yi tsammanin dattijon zai raina zaɓina, sai ya ce rabin masu zuwa wurinsa yanzu shi suke nema. Ya kuma faɗa mini wata gaskiya da ba kowane mai sana'a ke faɗa ba, cewa mafi yawan ƙananan masu yin burushi a Turai da Amurka ba sa ɗaure tukku da kansu. Ɗaurarre suke saye daga Sin, su sassaƙa mariƙi kawai su dasa. Babu laifi a ciki, in ji shi, muddin an gaya wa mai saye. Saboda haka duk wanda aka ce masa wannan aikin hannu ne, ya tambaya wane ɓangare ne hannu ya yi, kuma hannun wa.

Wajen mariƙi ya baje mini gutsattsarin itace. Akwai zaitun, akwai wani baƙin itace mai nauyi kamar ƙarfe da ke fitowa daga Tanzaniya da Mozambik, wanda masu ƙera sarewar Turawa a garin Markneukirchen na kusa da su ke amfani da shi, kuma tun 2017 cinikinsa ke ƙarƙashin sa idon yarjejeniyar duniya ta kare tsirrai da dabbobin da ake gudun ƙarewarsu. Na riƙe guntun nan na Afirka a hannuna, na tuna da fatar jar akuyar Sakkwato da aka yi ƙarnuka ana ratsa Sahara da ita, Turawa suna sayenta da sunan fatar Maroko. Wanda ya gama aiki shi ke ɗaukar suna, shi ke ɗaukar riba. A ƙarshe na ɗauki itacen tuffa da iska ta kayar a lambun maƙwabcinsa, wanda ya ajiye shekara shida yana bushewa. Ya ɗaura shi a injin juyi, ya kafa kurfi, cikin abin da bai kai minti arba'in ba ƙugun mariƙin ya fito. Sauran aikin na jira ne, domin sai an shafa mai an bari ya bushe sau da yawa kafin itace ya iya zama da ruwa kullum. Bayan mako uku ya iso mini ta gidan waya.

Yuro 95 na biya, kuɗin da ya zarce mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sanya wa hannu a Nijeriya a 2024. Mai karatu na da damar cewa wannan almubazzaranci ne, kuma ba zan ce masa burushin kanti na yuro biyar ba ya kumfa ba. Yana yi sarai. Wanzaman garuruwanmu ma sun aske kawunan kakanninmu tas da ruwa da sabulu da tafin hannu. Abin da kuɗina ya saya shi ne na san kowane abu da ke cikin kayan da wanda ya yi shi, kuma ranar da tukkun ya tsufa za a iya cire shi a dasa sabo a mariƙin nan, ba a jefar da komai ba. Kayan injin da aka manna da niyyar kada a gyara su, araharsu ta ranar saye ce kawai.

Abin da ya rage mini a zuciya shi ne amsar da ya ba ni da na tambaye shi wanda zai gaje shi. Ya ce 'ya'yansa suna yammacin Jamus tun bayan haɗewar ƙasa, kamar dubban matasan yankin, kuma shekara goma ke nan ba wanda ya zo neman koyo. Babban kamfani zai iya horar da ma'aikata ya ci gaba, amma ɗan ɗakin bayan gida yana rufewa ne tare da mai shi. Irin wannan amsa na sha ji daga bakin maƙeran da ke yi wa wanzamai aska da dukawan da ke ɗinka musu zabira. Gwamnatin gurguzu ta ƙwace masana'antun waɗannan duwatsu shekara 18 ba ta kashe sana'ar ba, domin masu aiki suna nan, almajirai suna nan. Abin da ke kashe sana'a shi ne a wayi gari ba mai saye da zai biya ta yadda za ta riƙe iyali, yaro kuma ba ya koyon abin da ya ga bai ciyar da ubansa ba. Duk wanda Allah ya hore wa hali, kuma akwai mai aikin hannu na ƙwarai a unguwarsa, ya saya a wurinsa tun yana raye, ya biya shi ba tare da ya yi ta tayawa har ya karya masa gwiwa ba.