Farin Ruwa da Jagoransa

Ruwa iri biyu ne, akwai kwantacce, akwai mai gudu. Mu mutanen Kalmalo kwantaccen muka fi sani, gama tafkinmu ba ya zuwa ko'ina. Ruwansa daga ƙasar Nijar yake fitowa, ya biyo kwarin Majiya, ya ratsa ƙasar Ƙonni, in ya iso nan sai ya kwanta. Tun da aka yi madatsai a kan Majiya can cikin Nijar ruwan da ke isowa ya ragu. Wata shekara tafkin ya cika har masunta su ji daɗi, wata shekara kuwa ya janye, a yi lambu a cikinsa. Yaron da ya tashi a bakin irin wannan ruwa yakan zaci ko'ina ruwa haka yake, shiru, ba faɗa. To, yau ina so in ba ku labarin ɗaya irin, da mutanen da suka san halinsa.

In kogi ya biyo ƙasa mai gangare, ya shiga matsatsi tsakanin duwatsu, sai gudunsa ya ƙaru. Ya bugi wannan dutse, ya tsallake wancan, iska ta shiga cikinsa, ya yi kumfa fari fat kamar an kaɗa nono. Wani wuri kuma ya riƙa juyawa kamar ana dama fura a ƙwarya. Shi ake kira farin ruwa. A ƙasar Wamba, cikin Jihar Nasarawa, akwai wani wuri inda ruwa ke zubowa daga kan dutse mai tsawo, sunan da aka sa masa ke nan, Farin Ruwa. Turawa ma a bakinsu haka suke kiran irin wannan ruwa.

Abin mamaki, a waɗansu ƙasashe mutane har kuɗi suke biya don a kai su cikin irin wannan ruwa su yi wasa. Ana yi a kogin Zambezi, tsakanin Zambiya da Zimbabuwe, ana yi a kogin Nilu kusa da garin Jinja na ƙasar Yuganda. Amma bari in kai ku nesa, arewa maso gabashin Ostireliya, inda wani kogi yake da ake kira Tully. Ƙasar nan ruwan sama gare ta ƙwarai. A shekara ana samun kimanin milimita 4,000, alhali kuwa mu nan ƙasar Sakkwato tsakanin 600 da 700 muke samu galibi. Saboda haka ƙasar duk kurmi ce, itatuwa dogaye sun haɗa kai har rana ba ta taɓa ƙasa sosai. Kogin ya fasa duwatsu ya yi wani kwazazzabo mai zurfi a tsakiyar kurmin, yana gangarawa da ruri. A nan aka yi gasar duniya ta tuƙin farin ruwa a shekarar 2019.

Ga yadda tafiyar take. Da sassafe mota ta kwashi baƙi ta kai su bakin kogi. Jirgin da ake shiga na roba ne mai kauri, ana hura masa iska, don in ya bugi dutse ya lanƙwasa, kada ya tsage kamar na katako. Mutum shida ko bakwai ke shiga, sa'an nan jagora ya zauna can baya. Kowa a ba shi abu uku: filafili na tuƙi, da hular kwano don kada dutse ya fasa masa kai, da rigar ceto, watau wata riga mai sa mutum ya taso saman ruwa ko da bai iya iyo ba. Ba mai sa ƙafa cikin jirgi sai ya ɗaura rigar nan tam, kome girmansa, kome iya ruwansa.

Kafin a tashi jagora yakan tara su ya yi musu karatu, kamar yadda malaminku ke yi muku. Ya koya musu maganganun da zai riƙa yi. In ya ce, "Gaba!" kowa ya tuƙa gaba. In ya ce, "Baya!" kowa ya ja baya. In ya ce, "Ku duƙa!" kowa ya zube cikin jirgi ya kama igiya. Ya kuma gaya musu abin da mutum zai yi in ya faɗa ruwa: ya kwanta rigingine, ƙafafunsa su fuskanci inda ruwa ya nufa, don su ne za su fara gamuwa da dutse. Kada ya ce zai miƙe tsaye, gama ƙafarsa tana iya maƙalewa tsakanin duwatsu, ruwa ya danne shi. Ya jira a jefa masa igiya.

An kasa farin ruwa aji shida. Aji na 1 ɗan motsi ne kawai, aji na 6 kuwa ko gwanaye tsoronsa suke. Na kogin Tully yawanci aji na 3 ne da na 4. Haka za su wuni suna gangarawa, su tsaya su ci abinci a bakin kogi, da la'asar mota ta komo da su masauki.

To, me ya sa baƙon da bai taɓa riƙe filafili ba yake shiga wannan ruwa da safe, ya fito da yamma yana dariya? Jagoran ne. Shi ya bi kogin nan sau da yawa, da cikarsa da janyewarsa, har ya san kowane dutse. In ya dubi fuskar ruwa yakan karanta ta kamar yadda kuke karanta allo. Inda ruwa ya yi tozo ya san dutse na kwance a ƙasa. Inda ya yi santsi ya tsuke kamar harshe, ya san nan ce ƙofa. Kakanninmu fatake masu zuwa Gwanja saro goro su ma ba su tashi sai da jagaba, wanda ya san rijiyoyi da mashigai. Abin duk ɗaya ne.

Kada ku zaci sai ƙasashen waje ke da irin wannan ruwa. A dā akwai shi a kogin Kwara, kudu da Yawuri, wajen garin Busa, har ya shiga tarihi. A watan Nuwamba na 1805 wani likita Bature, mutumin Sikotilan, mai suna Mungo Park, ya shiga jirgi a Sansanding, cikin ƙasar Mali ta yanzu, yana so ya ga inda Kwara ta ƙare. Yana da jagora mai suna Amadi Fatuma, wanda ya san harsunan mutanen hanya. Suka yi tafiya ta fi mil 1,000. Da suka iso Yawuri, alkawarin da ke tsakaninsu ya cika, Amadi ya sauka. Park ya wuce ba jagora. Bisa ga labarin da Amadi ya bayar daga baya, da jirgin ya kai Busa sai ya maƙale a dutse, mutanen da ke bakin gaɓa suka far musu da kibau da masu, Park da abokansa suka faɗa ruwa suka nutse. Wannan a farkon 1806 ne.

Bayan shekara ashirin da huɗu, watau 1830, waɗansu Turawa biyu wa da ƙane, Richard da John Lander, suka zo Busa. Su kuwa suka zauna, suka nemi yardar Sarkin Busa, aka taimake su da jirgi da mutane, suka bi Kwara har teku. Gaskiyar Hausawa da suka ce da ɗan gari akan ci gari. Yanzu dai duwatsun Busa ba a ganinsu. Da aka gama madatsar Kainji a 1968 ruwa ya rufe su, ya rufe tsohon garin, aka mai da mutane Sabuwar Busa.

Ni ma na ga aikin jagoran ruwa da idona. Wata shekara aiki ya kai ni ƙasar Yawuri, muka tashi za mu duba wata makaranta a tsibiri. Mai fiton tsoho ne, ba ya da yawan magana. Da muka cika goma sai ya ɗaga hannu ya ce ya isa. Wani mai buhuna biyu ya yi ta roƙo, har ya ce zai ninka kuɗin fito. Tsohon ya nuna masa gefen jirgi ya ce, "Ɗana, dubi abin da ya rage tsakanin katako da ruwa. Kuɗinka ba za su ƙara shi ba." Muna tsakiyar kogi sai na ga ya karkata, ya yi wani dogon zagaye, alhali ga tsibirin sosai a gabanmu. Na ce, "Baba, ba ga hanya miƙaƙƙiya ba?" Ya ce, "Malam, akwai kututturan itatuwa a nan ƙasa tun kafin ruwa ya hau. Ba ka ga yadda ruwan ke yamutsa fuska ba?" Na duba, da ƙyar na ga ɗan alamar. Shi kuwa tun daga nesa ya karanta ta.

Dalilin da ya sa na ba ku wannan labari duka shi ne, ruwanmu na nan, ko da yake ba ya ruri kamar na Tully, yana cin mutane fiye da shi. A watan Afrilu na 2022 jirgi ya kife da mutanen ƙauyen Gidan Magana, cikin ƙasar Shagari, mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara ne da matasa. Allah ya ji ƙansu. A watan Mayu na 2021 ma an yi babban rashi irin wannan kusa da Wara, a Jihar Kabi. Abubuwan da suka fi jawo haɗari a kogunanmu sanannu ne: lodi fiye da kima, da tsohon jirgi mai yoyo, da tafiyar dare, da rashin rigar ceto. Ku duba, waɗannan su ne abubuwan da jagoran farin ruwa ba ya yarda da su ko kaɗan. Shi ya sa yake ratsa ruwa mai hauka da baƙinsa, ya fid da su lafiya.

Saboda haka, yara, in za ku shiga jirgi ku riƙe abu huɗu. In kun ga ya cika, ku haƙura ku jira na baya, gara a makara da a rasa ku. In akwai rigar ceto ku sa, kada ku ji kunya. In kun shiga ku zauna wuri ɗaya, kada ku miƙe, kada ku taru gefe guda ko da kun ji tsoro. Abin da mai fito ya ce kuwa ku yi shi nan da nan, a bar gardama sai an kai gaɓa. In kuma a garinku akwai babban da ya iya iyo, ku roƙe shi ya koya muku a inda ba zurfi, yana tsaye a kanku. Ai an ce iya ruwa fid da kai.

Tambayoyi

1. Me ke sa ruwan kogi ya yi fari?
2. Waɗanne abubuwa uku ake ba wanda zai shiga jirgin roba?
3. A ina Amadi Fatuma ya rabu da Mungo Park, me kuma ya faru bayan haka?
4. Don me tsohon mai fito ya ƙi ɗaukar mai buhuna biyu?