Igiyar littafi da igiyar rijiya

Rijiyar garinmu ta fi gaba ashirin zurfi, da sa ake jan ruwanta. An kafa gwafa a baki, an rataya gargaren itace, igiyar wasaki tana bi ta kansa ta ɗaure a jikin san. Aikina da rani shi ne jan akala. Da wasaki ya cika sai Kawu ya ɗaga murya daga bakin rijiya:

"Kai yaro, a hankali! Kada ka fizga!"

Idan igiya za ta tsinke, a tashin farko take tsinkewa. Sai a aji huɗu na sakandare na samu lissafin abin, ranar da malamin fiziks ya zana gargare a allo ya kawo doka ta biyu cikin ukun da Newton ya wallafa a 1687. Wasaki mai kilo 30 da ke hawa ba ƙarin gudu, jan da ke kan igiyarsa wajen newton 300 ne, daidai da nauyinsa. Amma daga tsaye zuwa tafiya sai an ƙara masa gudu, kuma igiya ce ke biyan kuɗin ƙarin. Fizgar da ta ba shi mita 5 a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa tana kai jan zuwa 450. Gargare ɗaya kuwa ba ya rage komai, juya jan kawai yake yi don sa ya ja a miƙe.

Inda na yi ta gardama da littafinmu na fiziks shi ne igiyarsa, wadda kullum ake cewa ba ta da nauyi. Tamu jiƙaƙƙiya ce, a ƙasan rijiya duk tsawonta yana rataye, ga wasaki cike. Nauyi biyu ke haɗuwa a daidai lokacin fizga. Malam ya yarda, ya ce dai WAEC ba za ta tambaye ni wannan ba.

Darasin gangara ya fi zama mini daɗi. Laka da kashin shanu na shekaru sun mai da bakin rijiyar tudu, san yana gangarowa ne idan zai ja. Sa mai kilo 300 a gangarar da ke sauka taku ɗaya cikin goma, nauyinsa kaɗai na ba shi jan kilo 30, wato wasaki guda. Komawa sama kuwa da igiya a sake yake yi.