Agadas: tsohuwar Berliet ta koma bakin aiki a hanyar Kawar

Duk wanda ya bar tsakiyar Agadas da sanyin safiya, ya juya wa hasumiyar babban masallaci baya, ya nufi gefen gari, zai tarar da wasu filaye masu faɗi da aka kewaye da katangar ƙasa, inda ba a jin komai sai ƙarar guduma da tartsatsin walda. Nan ne garejojin manyan motoci. Ƙasar wurin ta yi baƙi ƙirin da tsohon mai, ga tayoyi jibge kamar rumbuna, ga aparantai suna kai da kawowa da sifanoni a hannu, ga tukunyar shayi a kan gawayi wadda ba ta hucewa har magariba. Agadas gari ne na hanya tun zamanin ayarin raƙuma, kuma abin da maɗinkin sirdi yake ga ayarin da, shi ne makaniki ga ayarin yau.

A ɗaya daga cikin waɗannan filaye wata kamiyo ƙirar Berliet ta shafe watanni a kan duwatsu, ba taya ko ɗaya a ƙarƙashinta. Irin wadda ake kira GBC 8 KT ce, mai aksul uku da ƙafa shida waɗanda duka suke ja, irin da kamfanin ya ƙera wa sojan Faransa fiye da dubu goma a shekarun 1960 da 1970. Wani ɗan kasuwa mai fatauci tsakanin Agadas da Kawar ne ya saye ta a matsayin tarkace, bayan ta yi shekaru tana zama inuwar awaki a bayan wani gida.

Sunan Berliet ba baƙo ba ne a wannan yanki. Kamfani ne na birnin Liyon da Marius Berliet ya kafa, kuma daga ƙarshen 1959 zuwa Janairun 1960 ya turo motoci tara, waɗanda ake yi wa laƙabi da Gazelle, wato barewa, suka shiga Tenere ta Janet, suka ratsa har Fort-Lamy, wadda ake kira Njamena a yau. Masanin tarihin Sahara Henri Lhote yana cikin tafiyar. Turakun ƙarfe masu lamba da suka kakkafa don nuna hanya har yanzu da sunan Berliet ake kiransu. GBC 8 KT ƙanwar waccan barewa ce, wadda aka sa wa kayan soja. Kamfanin kansa ya faɗa hannun Citroën a 1967, sa'an nan Renault, aka haɗe shi da Saviem a 1978, sunan kuma ya ɓace daga goshin sababbin motoci a 1980. Kamfani ya mutu, ƴaƴansa suna raye.

Farfaɗowa daban, aiki daban

Aikin farko da maigidan garejin ya yi shi ne mayar da motar yadda aka haife ta. Aka kankare tsatsa daga shasi, aka duba shi taƙi bayan taƙi don neman tsaga, aka wanke akwatin giya, aka tada tsohon injinta mai silinda biyar da ƙarfin doki 125. Ran da ya tashi, unguwa duka ta ji, hayaƙi ya turnuƙe fili, aparantai suka yi ta shewa. Aka shafa mata fenti, ta zagaya gari, tsofaffin direbobi suka fito suna nuna ta da yatsa suna tuna ƙuruciya.

Amma fa mai ita bai saye ta don kallo ba. A ƙasashen Turai akwai masu tara irin waɗannan motoci, su goge su, su kai su baje koli sau ɗaya a shekara. A Agadas mota abincin gida ce. Tun da aka karya darajar sefa a Janairun 1994, kuɗin duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya ninka, sabuwar kamiyo ta fi ƙarfin matsakaicin ɗan kasuwa, kuma ba ta sake saukowa ba. Ga shi kuwa mutanen Dirku da Bilma da Fashi ba su noma hatsi. Gero da shinkafa da sukari da shayi da siminti duk sai an kai musu, ta hanyar da ta haura kilomita 600 ba kwalta. Tun da aka gano zinariya a Jado a 2014 bukatar ɗaukar kaya a arewa ta ƙara yawa. Ƙananan motoci ƙirar Hilux sun ƙwace fasinja saboda gudu, amma buhu ɗari sai babbar mota.

Tsohon injin kuwa, ko da yake ya tashi, ba abin da za a dogara da shi ba ne. An yi shi ne ya sha kusan kowane irin mai, abin da ya dace da soja, sai dai yana da haɗama, ba shi da ƙarfin da kaya ke bukata a cikin rairayi mai laushi, kuma kayan gyaransa sun yi wuya a kasuwa. Idan zobensa ya karye a tsakiyar Tenere, babu shagon da za a aika.

A nan ne gardama ta tashi tsakanin maigidan garejin da babban ɗan mai motar, saurayi ne da ya yi karatun kanikanci a Yamai. Shi saurayin yana so a sa injin zamani, irin wanda kwamfuta ke sarrafawa, wanda ba ya shan mai sosai, ba ya hayaƙi, ga ƙarfi ninki biyu. Bai yi ƙarya ba. Tsohon ya saurare shi har ya gama, sa'an nan ya tambaye shi: "Ɗana, in ya tsaya maka tsakanin Bishiya da Ashegur, da me za ka buɗe shi?" Saurayin ya ce akwai na'urar da ake haɗawa ta faɗi ciwon. Tsohon ya ce: "Ta faɗi ciwon, wa ke da maganin?" Saurayin ya yi shiru, can ya ce: "Gaskiyarka, Baba."

Hujjar tsohon a fili take ga duk wanda ya san hanyar. Gazuwal ɗin da ake samu a daji daga tano da jarka yake fitowa, da ƙura a ciki, wani lokaci da ruwa. Injin zamani yana tura mai da matsi mai tsanani ta ƙofofin da ba su kai kaurin gashi ba, ƙwayar rairayi ɗaya tana iya kashe shi. Wasu ma sai an zuba musu ruwan AdBlue, in ya ƙare su rage ƙarfi da kansu. Tsohon famfo na ƙarfe zalla kuwa direba yana iya kwance shi a kan tabarma, ya wanke, ya mayar.

Abin da aka bari da abin da aka sauya

Aka tsaya a tsakiya. Aka sauke injin Berliet, aka ɗora na Mercedes mai silinda shida, irin OM 352 mai turbo, wanda ƙarfinsa ya kusa doki 170 kuma babu wayar kwamfuta ko ɗaya a jikinsa. An zaɓe shi ne don danginsa sun cika Afirka ta Yamma: irinsa ne a cikin motocin Mercedes masu gajeren hanci da aka ƙera a Jamus tun 1959, aka kuma harhaɗa a Inugu ta Nijeriya, saboda haka kayan gyaransa suna nan daga Kano har Damagaram. Haɗa injin Jamus da giyar Faransa ba wasa ba ne. Sai da aka yanka faranti na ƙarfe mai kauri, aka huda shi daidai da ramukan ɓangarorin biyu, aka sake ƙafafun da injin ke zama a kai. Kuskuren da bai kai faɗin farce ba a nan yana cinye kuloci cikin mako guda.

Daga nan sauran suka biyo. Ƙarin ƙarfi yana kawo ƙarin zafi, don haka aka sa lagireto mai faɗi. Aka ɗaga bututun shan iska sama da rufi, aka sa masa matata mai juya ƙura ta zubar kafin ta kai ga inji. Aka jera matatun mai biyu, ta farkon mai raba ruwa da gazuwal. Aka ƙara tanki. Aka zare tsofaffin wayoyi duka, waɗanda rana ta busar har suna karyewa a hannu, aka ja sababbi, aka cire dinamo aka sa altaneta, aka sa fitilu na zamani masu haske da ƙarancin cin batir. Birki aka yi masa sabon komai, tiyo da bawul da takalma, domin motar da aka ƙara wa gudu ba a ƙara mata tsayawa ba makara ce. Sitiyarin da ke karya kafaɗar direba aka haɗa masa famfo mai taimako. Rufin tanti na soja aka maye shi da na ƙarfe, aka ɗora ƙaramin faifan hasken rana a kai don cajin wayar tauraron ɗan'adam da na'urar GPS. Wannan kam saurayin ne ya kawo shawarar, tsohon kuma bai musa ba.

Shasi da aksul uku ba a taɓa su ba, sai man shafawa da sababbin roba. Su ne dalilin sayen motar tun farko.

Abin sha'awa, hukuncin da aka yanke a wannan fili shi ne wanda sojan Faransa suka yanke wa tasu. Daga ƙarshen shekarun 1990 suka mayar da dubban GBC 8 KT ga kamfanin Renault, aka bar shasi da aksul, aka sa sabon inji mai silinda shida da ƙarfin doki 175, da sabon ɗakin direba, aka sake musu suna GBC 180. Da tsohuwar zuma ake magani, ko a Turai.

Gwaji a Tenere

Ba a yaba wa mota a cikin gareji. Bayan an gyara takardunta, aka yi mata lodi, ta bi ayari zuwa gabas. Kwana na farko duwatsu ne da kwazazzabai na gindin Abzin, inda ake jin kowane ƙusa da bai ɗauru ba. Bayan Tazole ƙasa ta buɗe, dutse ya ƙare, sai rairayi iyakar gani. Nan direba ya tsaya, yaran mota suka rage iskar tayoyi don su baje su hau kan yashi maimakon su nutse. Idonsa bai bar allurar zafi ba. Da rana ta take, aka tsaya aka ɗaga hancin mota ta sha iska, aka shiga ƙarƙashinta aka dafa shayi, ba a tashi ba sai la'asar.

A rijiyar Bishiyar Tenere akwai darasi ga kowane direba. Bishiyar nan guda ɗaya da ta tsaya ita kaɗai a tsakiyar hamada, wadda ayarin gishiri suka yi zamanai suna girmamawa, mota ce ta buge ta a 1973. Gawarta tana gidan tarihi na ƙasa a Yamai, a gurbinta kuma an kafa ta ƙarfe. Ƙarfin mota ba ya maye gurbin hankalin mai tuƙa ta.

Gargaɗin da maigidan garejin ya yi wa mai motar kafin tashi ma a kan haka yake. An ƙera GBC ne ta ɗauki tan huɗu a daji. Sabon inji yana iya jan fiye da haka, kuma nan ne tarkon yake, domin sifirin da aksul na shekara hamsin ba su san an sauya inji ba. Kwaɗayin ƙarin buhu ashirin shi ke karya aksul a inda babu inuwa, babu rijiya, kuma a Tenere motar da ta lalace ba asarar kuɗi kaɗai ba ce, rayukan da ke bisanta suna rataye da yawan ruwan da ke cikin tano.

Ta wuce Ashegur, ta hango dogon dutsen Kawar da dabinai a gindinsa, ta sauke hatsi a Dirku, ta gangara Bilma. Can aka ɗora mata kantun gishiri da buhunan dabino, kayan da raƙuman Abzinawa ke ɗaukowa tun kafin a san ƙarfe yana tafiya, kuma har yanzu suna ɗaukowa a lokacin sanyi. Gishirin zai bi ta Agadas ya gangara kudu, ya ƙare a bakin shanu da tumaki a kasuwannin Damargu da Adar.

Ran da ta dawo, maigidan garejin bai tambayi ribar da aka samu ba. Ya zare sandar awon mai ya duba, ya shafa tafin hannunsa a kan kowane aksul don jin zafi, ya leƙa ƙarƙashin farantin da ya yanka. Sa'an nan ya sa aparanti ya kwance matatar farko. Rairayi da ruwan da suka zubo daga cikinta sun kusa cika kofin shayi. Ya miƙa wa saurayin kofin, bai ce komai ba, ya koma kan wata motar da ke jiransa a kan duwatsu.