Hodar Da Ta Kusa Ɓata Mana Kamu

 Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, abin da ya faru ne a cikin gidanmu nan Kambarawa ranar kamun ƙanwata, kuma har da laifina a ciki.

Ƙanwar nan tawa baƙa ce, irin baƙin nan mai sheƙi, ko mai ba ta shafa ba sai ki ga tana ƙyalli. Sati biyu ana mata dilka da halawa, fata ta yi luwai. Ranar kamu mai kwalliya ta iso da akwatinta, ta zaunar da su su huɗu: amarya, da aminiyarta Bafulatana fara sol, da wata Buzuwa 'yar Maraɗi, da wata Bayarabiya da suka yi makaranta tare. Ashe hoda kala ɗaya ce a akwatin, ita ta bi su da ita kaf. Bafulatanar ta fito tsaf. Amarya kuwa, ke dai bari! Fuska fari-fari kamar an watsa mata toka, wuya da hannu baƙi. Kakarmu na leƙowa ta riƙe baki ta ce, "Ke 'yar nan, wa ya aiko ki ki sauya mani jika?"

Aka kwashe da dariya, ni ban yi ba, don na ga idon amarya ya ciko. Ta jawo ni ta ce a hankali, "Yaya, da na ji maganar ƙawayena na shafa man bilicin tun bara, da duk haka ba ta faru ba."

Wallahi maganar nan ta soke ni. Littafi uku na rubuta, kuma ku shaida ne, duk tauraruwar da na zana fara ce, doguwa, mai dogon hanci, kamar Ba'indiya. Baƙa kuwa sai dai kishiya ko 'yar aiki. Yarinyar nan ita ke fara karanta su tun suna rubutun hannu.

Abin da mai kwalliyar ba ta sani ba, tsohuwar matsala ce har a wajen masu tallan kayan sawa a Turai da Amurka. Iman, 'yar Somaliyar nan da aka haifa a Mogadishu, ta sha ba da labarin aikinta na farko da mujallar Vogue a 1976: mai kwalliya ya tambaye ta ko ta taho da hodarta, don ba shi da kalarta. Ya harhaɗa abin da ya samu, hoto ya fito tana toka-toka, sak irin na ƙanwata. Daga nan ta koyi haɗa tata, a 1994 ta kafa kamfanin IMAN Cosmetics. Kafin ita, Eunice Johnson ta fito da Fashion Fair a 1973, bayan ta ga 'yan matan da ke mata tallan kaya suna cakuɗa hoda da kansu. Rihanna kuma a 2017 ta fito da Fenty Beauty da kala 40 a tashi ɗaya.

Baƙar fata ba iri ɗaya ba ce. Wata akwai ja a ƙarƙashinta, wata rawaya-rawaya, shi ya sa hodar da ta karɓi wankan tarwaɗa sai ta kashe baƙa wuluk. Kuma ba a bayan hannu ake gwaji ba, a gefen haɓa ne, a hasken rana, har sai hodar ta ɓace cikin fatar wuya. In ta fi ki haske, fitilar mai hoto ce za ta tona asiri.

To mu dai lokaci ya ƙure, mata sun cika tsakar gida. Inna ta ɗauko ruwan ɗumi da sabulu ta wanke fuskar tas. Kakarmu ta kwance tandun kwallinta ta rambaɗa mata, aka gyara gira, aka sa jan baki mai duhu, ga jan lalle da baƙi a hannu. Mai kwalliyar ta ɓata rai, amma mun biya ta kuɗinta cif, har Bayarabiyar ma ta ce a wanke nata.

Da daddare bayan an watse na buɗe littafina na huɗu da nake kan rubutawa. A shafi na biyu na tarar na rubuta "fara ce tas". Na ɗauki biro na soke, na kira amarya na ce ta zauna kusa da fitila in dube ta da kyau.