Sunkuyar da Kai Ba Ya Cin Intabiyu

Mu 'yan kudancin Kano, daga Bebeji da Ƙiru har Tudun Wada da Doguwa, a kan tarbiyya guda aka tashe mu: in babba na magana ka sunkuyar da kai, in ya tambaye ka ka amsa a gajarce, kuma kullum ana tuna maka cewa yabon kai jahilci. Tarbiyya ce mai kyau, ba na ja da ita. Amma fa mai karatu, ranar da ka gama bautar ƙasa ka zauna gaban mutum huɗu masu riƙe da fayil ɗinka, kunyar nan tana iya kayar da kai tun ba ka buɗe baki ba.

Na san abin da za ka ce: ai aiki a ƙasar nan sai da hanya. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Masu nema sun yi yawa, guraben kaɗan ne. Wa zai manta da watan Maris na 2014, da matasa suka rasa rayukansu a turmutsutsun jarrabawar shiga aikin shige-da-fice? To amma kamfanonin iri da taki, da masu casar shinkafa, da makarantun kuɗi, da yawansu wanda zai iya aikin suke nema, kuma a zaman nan na minti goma suke gane shi.

Ni a wani kamfanin iri da taki na cikin Kano na yi tawa intabiyun, bayan na gama karatun aikin gona. Mu kusan ashirin ne a kan benci, wasu da kwat, Turanci kamar a bakinsu aka yanke masa cibiya. Da na shiga, babban cikinsu ya ce in faɗa musu ko ni wane ne. Sai na ce, "Ranka ya daɗe, ni ɗan manomi ne daga kusa da Tiga." Na ba su labarin ruwan madatsar nan da aka kammala a 1974, yadda yake bin magudanai ya shayar da gonakin Kadawa da Kura da Bunkure. Na faɗa musu yadda tumatir ke faɗuwa warwas in kaya sun cika kasuwa a ƙarshen hunturu, da yadda tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye gonaki a 2016, da abin da muka yi a gonar mahaifina a wannan shekarar. Sai na ga sun ajiye biro suna saurare. Bayan mako biyu aka kira ni.

Ka lura, ko sau ɗaya ban ce ni haziƙi ne ba. Abin da na yi da hannuna na faɗa, su suka yanke hukunci. Ka ga ke nan ba a saɓa wa tarbiyya ba, ba a kuma yi shirun da ke cutarwa ba. Mu masu karatun littattafai da kallon fim ai mun san wannan: ba mu yarda da jarumi don an ce mana jarumi ne, sai mun ga aikinsa.

Kowannenmu yana da irin wannan jarin. Ɗan Tudun Wada ya san shinkafa tun daga shuka har buhu. Ɗan Doguwa ya san masara da wahalar fito da ita kasuwa. 'Yar Ƙiru da ta yi shekara tana koyar da 'yan firamare a ƙauyensu ta san yadda ake riƙe aji mai cunkoso. Abin takaici, irin wannan sanin ne muke ɓoyewa, wai kada a ce mana 'yan ƙauye.

Sauran kuma shiri ne. In daga Riruwai kake, kada ka ce sai da asuba za ka keto dajin Falgore. Taho tun ana gobe ka kwana a birni. Haɗa takardunka na asali da kwafinsu, har da ta bautar ƙasa da ta shaidar ƙaramar hukuma. Bincika abin da ma'aikatar ke yi kafin ka je. In ka zauna, dubi mai tambayarka cikin ladabi, ka yi Turancinka a hankali, gajerun jimloli sun isa. Ke kuma 'yar'uwa, ɗaga murya yadda na ƙarshen tebur zai ji ki, wannan ba rashin kunya ba ne. Abin da ba ka sani ba ka ce ba ka sani ba, amma a shirye kake ka koya. Duk kuma wanda ya ce ka kawo kuɗi ya sama maka gurbi, yi ta kanka.

Iyayenmu sun sayar da hatsi da dabbobi sun kai mu makaranta. Hakkinsu ne a kanmu mu buɗe baki ranar da ake bukatar jin mu. Allah ya ba kowa rabonsa na alheri, amin.